Iyakar Alli

Masu iya magana kan ce gemu ba ya hana ilimi. Mun taso muna jin wannan karin magana a bakin iyaye da malamai, mun kuma sha kawo ta a takardun jarrabawa, amma ba mu taɓa tsayawa mun yi tunanin halin da yaron da aka ɗora wa nauyin koyar da mai gemun yake shiga ba, sai da muka wayi gari mu ne yaran. Mu uku ne, maza biyu da mace ɗaya, babu wanda ya cika shekara talatin a cikinmu, muka ɗauki alkawarin koyar da wasu manya karatu da rubutu da lissafi a Namtari, wani gari da ke cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, a kan hanyar da ta fita daga Jimeta ta nufi Ngurore. Kwana uku a mako mukan shiga motar haya bayan azahar, mu sauka a bakin titi, mu taka zuwa wata makarantar firamare da aka ara mana ɗakuna biyu bayan an tashi yara, ɗaya na maza, ɗaya na mata. Daga la'asar zuwa gab da magariba, a kan bencinan da aka ƙera domin 'yan shekara bakwai, za ka tarar da manoma da dillalan shanu da masu sayar da nono da masu ƙuli-ƙuli, kowa ya naɗe ƙafa yadda zai iya, ya riƙe fensir kamar mai riƙe da ƙwai. Abin da muke so mu ba mai karatu labari a nan shi ne yadda waɗannan ɗakuna suka nuna mana inda aikin malamin manya ya fara, da inda ya kamata ya tsaya, da kuma asarar da muka yi ranar da muka wuce wurin tsayawar.

Koyar da manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara tafiyar 'Yan Taru, inda takan horar da mace ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa, ta koma ƙauyensu ta koyar da 'yan'uwanta mata. Abin lura shi ne ba kowace mace ake naɗawa ba, sai mai shekaru da kamun kai, wadda shigarta gidajen mutane ba za ta jawo magana ba. A farkon shekarun 1950 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aikin da ba a raba shi da sunan Malam Ahmadu Coomassie, Hukumar NORLA ta Zariya kuwa ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna domin wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, da Ardo ta lardinmu na Adamawa. A 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano. A 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, a 1990 kuma, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin yaƙi da jahilci, ta kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin manya. Duk wannan tarihi mun haddace shi kafin mu je Namtari. Sai dai doka tana iya kafa hukuma, hukuma ta buga littafi, amma yadda saurayi zai tsaya gaban sa'an mahaifinsa da alli a hannu, wannan a cikin ɗakin ake koyonsa.

Wanda ya fara koya mana shi kuwa wani dattijo ne da ya haura shekara sittin, wanda kowa a ajin ke kira Bappa, wato baffa a bakin mutanen Adamawa, mu ma haka muka bi sahu. A ranar farko ɗayanmu ya miƙe ya yi jawabin da ya kwana yana shiryawa, ya ce mun zo ne domin mu fitar da jama'a daga duhun jahilci. Da ya gama, sai Bappa ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar naira ɗari biyar, ya nuna mana rubutun ajamin da ke jikinta, ya ce mu karanta masa. Biyu daga cikinmu suka kasa, na ukun ya karanta da gargada. Shi kuwa ya karanta tsaf, ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce, “To, malamai, ashe duhun iri biyu ne. Ku fitar da ni daga nawa, in kuma kuna so ni ma in fitar da ku daga naku.” Aji ya ɗauki dariya, mu ma muka yi ta yaƙe. Daga baya ya gaya mana cewa tun da aka cire ajami daga ƙananan takardun kuɗi a 2007 ya fahimci duniya tana ƙaura daga rubutun da ya sani, shi ya sa ya zo neman ɗayan. Mutum ne da ke iya duban saniya ya faɗi abin da za ta yi a kasuwar Ngurore, ya kuma lissafa bashin mutum goma da ka ba tare da ya ɓata ko sisi ba. Tun daga wannan rana kalmar jahili ba ta sake fita daga bakinmu a cikin ɗakin ba.

Daga nan muka gane cewa nauyin farko da ke kan malamin manya shi ne ya san abin da ya kawo ɗalibinsa. Yaro iyayensa ke turo shi, ko yana so ko ba ya so. Babba kuwa da ƙafarsa ya zo, da wata buƙata da ya ƙulla a ransa, in bai ga alamarta ba cikin mako biyu zai koma gonarsa, ba kuma wanda zai tuhume shi. Wani so yake ya rubuta sunansa ya huta da dangwale, wani ya gane sunayen da ke cikin wayarsa, wata ta iya karanta awon maganin ɗanta, wani ya duba rasit ɗin taki. Paulo Freire, malamin nan ɗan ƙasar Birazil da ya yi suna a wannan fanni, a aikin da ya yi a garin Angicos a 1963 ya fara ne da tattara kalmomin da mutanen wurin suke rayuwa da su, ya gina darasi a kansu. Mu ma muka ajiye littafin 'yan aji ɗaya mai hoton ƙwallo da kyanwa, muka koma kan gona da nono da kuɗi da asibiti, inda Hausa ta gaza kuma a taimaka da Fulatanci. Nauyi na biyu shi ne lokaci, domin wanda ya rufe shago ko ya baro fadama ya zo aji, in muka makara da rabin sa'a, kuɗin cefanensa muka ci. Na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne sutura. Ba a tayar da dattijo tsaye ya amsa tambaya, ba a zana masa jan biro a littafi, in kuma yara suka leƙo ta taga sai a sallame su, domin a cikinsu akwai jikokin wanda ke fama da harafin “g” a benci na gaba.

Waɗannan duk mun kiyaye su gwargwadon iko, aji ya cika, aminci ya shiga tsakaninmu da mutanen gari. Ta ƙofar wannan aminci kuwa matsalar ta shigo. Sannu a hankali labari ya bazu cewa akwai malamai a makaranta da ke karanta takarda kyauta. Da an tashi sai a yi layi: wannan ya miƙo katin asibiti, wancan saƙon da ɗansa ya turo masa ta waya daga Legas, wani sammaci, wata sakamakon jarrabawar 'yarta. Ta haka muka san wanda ake bi bashi, da wanda ciwonsa ya wuce yadda iyalinsa suke zato, da wadda aurenta ke rawa. Ƙwarya ta fara biyo takarda, yau kindirmo, gobe ƙwan zabi. Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, abin ya yi mana daɗi ƙwarai. Yaran da a gidajensu ba a neman shawararsu ko a kan abin da za a dafa, ga shi dattawa na kiran su malamai, ana jiran abin da za su ce. Ba mu lura ba cewa tsakanin “me takardar ta ce?” da “yaya zan yi?” taku ɗaya ne, alhali tambayar farko kaɗai ce allinmu ke da amsarta.

Wata rana da kaka, a shekararmu ta farko, bayan kowa ya watse, Bappa ya tsaya. Ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ya ninke huɗu, ya ce mu duba masa. Bayanin da ya yi mana shi ne yana da gona a fadama inda yake shuka shinkafa da damina, ya dasa masakwa in ruwa ya janye, wata larurar kuɗi kuma ta same shi, saboda haka ɗan wansa ya samo masa wani mutum daga Jimeta da zai ba shi kuɗin, ya riƙe gonar jingina har damina uku. An buga yarjejeniyar da Turanci a wani shagon buga takardu, saura kawai ya dangwala yatsa a gaban shaidu. Muka karanta, muka sake karantawa, muka dubi juna. Babu maganar jingina ko kaɗan a ciki. Abin da takardar ta ce shi ne ya sayar da gonar baki ɗaya, ya karɓi kuɗinsa cif, shi da magadansa ba su da sauran haƙƙi a kanta. Muka fassara masa layi bayan layi da Hausa, inda ya nema kuma aka maimaita da Fulatanci. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'annan ya ce ya ji, ya gode. Har zuwa wannan wuri ba mu da abin da za mu yi nadama a kansa, ko yau aka sake kawo mana irin takardar abin da za mu yi ke nan.

Amma zafin ƙuruciya bai bar mu mun tsaya nan ba. Ɗan wan nasa ɗalibinmu ne shi ma, wani magidanci mai kimanin shekara arba'in da ke zama a bencin baya, nan take kuwa muka yanke masa hukunci a zukatanmu. Muka ce, “Bappa, ku bar takardar nan a hannunmu, mu za mu san abin yi.” Ya ɗan yi jim, kara ta hana shi musa wa malamansa, ya bar ta ya tafi. A zama na gaba muka rubuta kalmomi biyu a allo, jingina da sayarwa, muka shafe darasin muna kawo misalan mutanen da ke cin amanar iyayensu saboda abin duniya. Ba mu ambaci sunan kowa ba, amma a gari irin Namtari, inda kowa ya san wanda ya yi baƙo daga Jimeta, hannunka mai sanda ya isa. Bai ishe mu ba, da aka tashi muka bi magidancin har zauren gidansa, muka baje masa takardar a gabansa, muka faɗa masa duk abin da muka ga dama, muna jin kanmu masu tsaya wa mai rauni.

Ya saurare mu har muka gama, sa'annan ya tambaye mu cikin sanyin murya, “Malam, a ajin naku shafi na nawa na kai?” Muka yi shiru, domin mun san har lokacin haɗa gaɓoɓin Hausa yake koya. Ya ce, “To, da wane ido na karanta Turancin?” Bayaninsa shi ne ya je shagon ya ce a buga masa takardar gona, yaron shagon kuma ya buɗo wadda ke ajiye a kwamfuta ya sauya sunaye. Ya ƙara da cewa gonar gado ce da ba a raba ba, akwai rabon mahaifinsa marigayi a cikinta, in an sayar har da shi a masu asara, kuma shekara da shekaru shi da Bappa suna lallaɓa maganar rabon don kada ta raba zumunci. Ko duk gaskiya ya faɗa ko rabinta, ba mu da ma'aunin da za mu auna, wannan kuwa shi ne abin da ya kamata mu sani tun kafin mu cire takalma a ƙofar zaurensa. Mun ji bakin mutum ɗaya, mun karanta takarda ɗaya, muka zauna kujerar alƙali a kan maganar da ta girme mu.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari. Maganar gadon da aka daɗe ana rufewa ta fito fili, dangi suka rabu biyu, ana cewa malaman birni sun kira wane ɓarawo a gaban jama'a. Magidancin bai sake zuwa ba, duk wanda ke da dangantaka da shi ko da matarsa ya janye, har ajin mata abin ya taɓa. Kusan rabin bencinan suka zama wayam. Ran nan muna cikin darasi sai ga Bappa a bakin ƙofa. Bai shigo ba, ya yafito mu waje, ya ce mu ba shi takardarsa. Da ya karɓa ya ninke ta ya sa a hula, sai ya ce, “Malamai, 'ya'yana, ido na zo aro a wurinku, ban zo aron baki ba. Da kuka karanta mini, aikinku ya ƙare, na kuma san yadda zan kira yaron nan cikin dare mu gyara abinmu ba wanda ya ji. Ku in magariba ta yi mota za ku hau ku koma Jimeta. Ni da shi kuwa maƙabarta ɗaya za a kai mu.” Bai ɗaga murya ba, bai kuma jira amsa ba. Muka ba shi haƙuri a bayansa, ya ɗaga hannu alamar ya ji, ya ci gaba da tafiya.

Mun daɗe muna juya wannan magana a tsakaninmu a cikin mota. Abin da ya kamata mu yi ba shi da wuya: mu karanta, mu fassara da gaskiya, mu ce kada ya dangwala sai an gyara takardar ta dace da abin da aka yi da baki, mu nuna masa waɗanda maganar ƙasa da gado ke hannunsu, wato dattawan dangi da mai unguwa, in ta ƙi kuma alƙali ko lauya, sa'annan mu mayar masa da takardarsa mu kama bakinmu. Muna iya ƙara masa da sanin cewa tun zamanin Turawa akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa duk mai rubuta takarda a madadinsa ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, shaidar cewa an karanta masa an kuma yi masa bayani kafin ya dangwala. Wannan ilimi ne, ba da shi kuwa aikin malami ne. Amma riƙe takardar mutum, da mayar da sirrinsa darasi, da zuwa yi masa faɗan da bai aike mu ba, waɗannan duk sun fita daga aikin malanta. Malamin yara yana tsaye ne a madadin iyaye, dole wani lokaci ya yanke wa yaro shawara. Ɗalibin malamin manya kuwa shi ne uban a gidansa. Abin da ya rasa harafi ne kawai, hankalinsa da ikonsa a kan al'amuransa suna nan yadda suke, duk malamin da ya manta da haka ya raina ɗalibinsa ko da kuwa da niyyar taimako ne.

Bayan haka muka zauna muka gindaya wa kanmu wasu sharuɗɗa, muka kuma karanta su a gaban waɗanda suka rage domin su zama shaida a kanmu. Takardar da aka kawo za a karanta ta ne a keɓe, mai ita yana bin layin da yatsa gwargwadon abin da ya iya, ta koma aljihunsa kafin ya tashi. Abin da muka gani a cikinta ba zai fita ba, ko a tsakaninmu mu ukun, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ba za mu zama shaidu a cinikin ɗalibi ba, ba za mu ranta ba, ba za mu ci bashi ba. Ƙwaryar kindirmon da aka kawo domin aji ya sha za mu sha da godiya, amma kaza ko kuɗin da aka kawo wa mutum ɗaya a ɓoye za a mayar cikin ladabi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mazan cikinmu ba za su shiga ajin mata ba sai tare da abokiyar aikinmu, ba za su karɓi lambar wayar matar kowa ba, ba kuma za a nemi aure a cikin ɗalibai ba muddin ana koyarwa, domin magana ɗaya ta isa ta sa magidanta goma su hana matansu fita, waɗanda za su yi asara kuwa matan ne.

Ba a daɗe ba aka gwada mu. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a ko'ina, har mai sayar da nono sai da ta koma neman asusun banki. Wata dattijuwa da muke kira Goggo, wadda ɗanta ke turo mata kuɗi daga kudu, ta zo wurin abokiyar aikinmu da katin banki da wata 'yar takarda mai ɗauke da lambar sirri, ta ce, “'Yata, ki riƙe mini, ke ce idona. In kin shiga Jimeta ki riƙa ciro mini.” Ta amsa mata da cewa, “Goggo, ku yi haƙuri, ku mayar da takardar nan cikin zani, kada ma in gan ta. Amma in kun yarda, kafin wata ya mutu ku da kanku za ku danna.” Goggo ta ji haushi, ta ce 'yan boko ba su san zumunci ba, ta yi mako biyu tana amsa gaisuwa da ƙyar. Abokiyar tamu ta zana madannan na'urar cirar kuɗi a jikin kwali, daga sifili zuwa tara, kullum a yi ta dannawa da lambobin wasa, har sauran matan suka shigo ciki. Ranar da Goggo ta tsaya gaban mai na'urar da ke bakin titi, ta kare da mayafinta ta danna lambarta da kanta, ta dawo aji tana ba da labari kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya. Da an karɓi katin nan, da har yau tana neman wanda zai ciro mata, ranar da lissafi ya ƙi daidaita kuwa da zargi ya faɗa a kan malamarta.

A cikin wannan lokaci ne kuma zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 ya ƙarato, tambaya ta riƙa zuwa daga bencina, “Malam, ina za mu dangwala?” Muka zana fasalin takardar ƙuri'a a allo da alamomin da muka ƙirƙira, muka nuna yadda ake dangwalawa a cikin akwati ɗaya ba tare da tawada ta tsallaka ba, da yadda ake naɗe takardar don kada ƙuri'a ta lalace. Da aka matsa mana a kan wa za a zaɓa, sai muka faɗi gaskiya, cewa mu ukun ma bakinmu bai zo ɗaya ba, kuma mutumin da ya ga gwamnatoci tun daga Gongola har aka ƙirƙiro Adamawa a 1991 bai rasa abin da zai auna 'yan takara da shi ba.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan baƙon hali ne, a wurinmu malami uba ne, ba a yi masa iyaka da bakin allo. Akwai gaskiya a cikin maganar, mu ma ba mu ce malami ya zama dutse ba. Muna zuwa sunansu da jana'izarsu, muna duba marasa lafiyarsu. Ranar da wata ta nuna mana kwalbar maganin ɗanta mai zazzaɓi, aka karanta mata awon da aka rubuta, da ta tambaya ko ta ninka tun da jikin ya ƙi sauka, ba a ce mata e ko a'a ba, abokiyar aikinmu ce ta rufe littafi ta raka ta asibiti a lokacin. Iyakar da muke magana a kai ba ta hana tausayi, abin da take hanawa shi ne mu yi likitanci ko alƙalanci da jarin da bai wuce iya karatu ba, da kuma mu mayar da kanmu sandar da ɗalibi ba zai iya tafiya sai da ita ba. Malamin manya yana auna nasararsa ne da yawan takardun da aka daina kawo masa.

Maganar gonar dattawan dangi ne suka kashe ta a gaban mai unguwa bayan wasu watanni. Ba a gayyace mu ba, ba mu kuma cancanci gayya ba. Wani ɗalibinmu da ya halarta ya ce an sake rubuta takardar da Hausa, aka karanta ta da ƙarfi kowa ya ji, da aka miƙo wa Bappa tawadar dangwale sai ya ture ta ya ce a ba shi biro. Ya daɗe yana rubutu, jama'a na jira, har ya kammala sunansa harafi bayan harafi. Mun yi murna da jin haka, amma murnar ba ta cika ba, domin iyakar abin da ya samu a wurinmu ke nan, sunansa da 'yan lambobi. Takardar da ya sa wa hannu wani ne ya karanta masa. Shi da ɗan wansa babu wanda ya dawo aji. Mun haɗu da shi sau ɗaya a kasuwar Ngurore, ya riƙe hannuwanmu ya tambayi lafiyar iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya sa mana albarka, bai ta da zancen karatu ba, mu ma kunya ta hana mu tayarwa.

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla za su tsinci kansu a irin ɗakin nan, ko a lokacin yi wa ƙasa hidima, ko a unguwanninsu, ko ma a gida inda kaka za ta miƙo waya ta ce a duba mata. Za a ba ku girman da ya fi shekarunku, a buɗe muku sirrin da ba a buɗe wa 'ya'yan ciki ba. Ku karanta abin da aka rubuta da gaskiya, ku nuna ƙofar wanda ya san maganar, ku mayar wa mai takarda takardarsa. Mu ba wanda ya gaya mana wannan, sai da muka saye shi da dattijo guda da rabin aji. Wurin zaman Bappa yana kusa da taga ne, inda haske ya fi yawa saboda idonsa, har muka bar Namtari kuwa ba wanda ya yarda ya zauna a wurin.